Kwalbar Turare Ba Shara Ba Ce

Jama'a, ina so in yi magana a kan wani ɗan abu da kowa ya raina, watau kwalbar turare wadda turarenta ya ƙare. Na san wani zai yi dariya ya ce, duk manyan al'amuran da ke damun makarantun ƙasar nan ban ga abin rubutu ba sai kwalba? To, a yi mini haƙuri. Ra'ayina shi ne, jefar da ita ɓarna ce, sake zuba wani abu a cikinta ba tare da an yi mata wankin da ya dace ba kuwa haɗari ne. Mu da a ke koya wa aikin malanta mu ya fi kamata mu san hanyar da ke tsakanin biyun nan, domin gobe mu za a danƙa wa yara.

Mutanen wajen nan ba baƙin turare ba ne. Lafiya, wadda mu na Kwandere ke maƙwabtaka da ita, Barebari suka kafa ta, shi ya sa a kan ce Lafiyar Barebari, kuma kowa ya san wajen humra da turaren wuta ba a ja da matan Barno. Tun da aka yanke Jihar Nasarawa daga Filato a 1996, aka mai da Lafiya babban birni, gari ya cika ya batse, masu sayar da turare kuma suka ƙaru. Ka shiga kasuwa ka ga teburinsu, manyan kwalabe a jere a baya, ƙanana a gaba, a tsiyaya maka gwargwadon kuɗinka. Ɗan makaranta ya saya, direba ya saya, amarya kuwa ba a magana. A nan kwaleji ma, wanda duk ya taɓa sharar ɗakunan kwana ran da za a tafi hutu ya san irin kwalaben da tsintsiya ta kan tono daga ƙarƙashin gadaje da bayan akwatuna. Duk a kwashe su a zuba bayan katanga.

Can bayan katanga me ke faruwa? Wadda ta fashe tana jiran ƙafar yaron da ya fito ba takalmi, ko hannun manomin da ya kwashi juji ya kai gona a matsayin taki. Wadda ba ta fashe ba kuwa, in damina ta sauka ruwa ya taru a cikinta, kuma sauron da ke kawo ciwon shawara ba ya son wurin ƙwai kamar ɗan ruwan da ya kwanta a kwalba ko gwangwani ko tsohuwar taya. Kwalba ba ta ruɓewa kamar ganye, gara ba ta cin ta, wuta irin ta juji ba ta iya mata. Akwai 'yan kwalaben turare da mutanen Masar suka yi shekara fiye da 3,000 da suka wuce, har yau suna nan a gidajen adana kayan tarihi. Ke nan wadda ka jefar jiya za ta ga bayanka, ta ga bayan jikokinka.

Ku dubi kuma wahalar da aka sha kafin a yi ta. Yashi ne mai kyau a ke haɗawa da wani irin gishiri ɗan'uwan kanwa da farar ƙasa, a hura musu wuta har zafin ya kai kamar digiri 1,500, watau ninkin zafin tafasasshen ruwa sau goma sha biyar a ma'auni, sa'an nan su narke a zuba su a zubi. Yawancin ƙananan kwalaben da masu turare ke saye dozin dozin daga ƙasashen waje a ke kawo su. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, duk abin da ya ƙetaro teku ya yi tsada, kuma matar da ke haɗa humra a cikin gida ta fi kowa sanin haka, don wani kaso na ribarta a bakin kwalba ya ke tafiya. Ga ta tana neman kwalba da kuɗi, ga mu muna zubarwa kyauta. Wannan wane irin lissafi ne?

Iyayenmu ba haka suka yi ba. A da kwalba dukiya ce a gida. Da ita a ke auna man ja da man gyaɗa da kananzir, a cikinta a ke sayar da soyayyar gyaɗa, wanda ya sha lemo kuwa sai ya mayar da kwalbar kafin a ba shi kuɗin ajiyarsa. Ko kwalbar Bintu Sudan, turaren nan da kamfanin W. J. Bush na Landan ya fara haɗawa a shekarun 1920, aka kuma daɗe ana ɗura shi a Kano, tsofaffi ba su yar da ita. Nufawan Bida sun fi kowa: a unguwar Masaga fasassun kwalabe su ke narkarwa su yi duwatsun wuya da ƙarau na hannu, har wani masani mai suna Nadel ya ba da labarin sana'ar tasu a littafin da ya buga kan ƙasar Nufe a 1942. Saboda haka ba wata sabuwar wayewa na zo da ita ba. Abin da muka gada ne muka saki, don roba da leda sun koya mana cewa kome a yi amfani da shi sau ɗaya a wurgar.

Sai dai fa akwai inda na ke ganin mu da muka shiga ɗakin kimiyya ya kamata mu ƙara a kan abin da muka gada, shi ne wajen wanki. Mutane da yawa in sun ɗauraye kwalbar turare da ruwa sau biyu sai su ce ta fita. Ba ta fita ba. Dalili kuwa, abin da ke cikinta mai ne, mai da ruwa kuwa ba su ga maciji.

Bari in ɗan tsaya a kan man nan, don in an san shi an san maganinsa. Ƙanshin da ke jikin kanumfari, da na'ana'a, da ɓawon lemo, da furen wardi, da ganyen itacen turare wanda Turawa ke kira yukaliftus, duk wani ɗan mai ne mai saurin tashi cikin iska. Yadda a ke tatso shi, a kan zuba ganyen ko furen a tukunya, a tura masa tururi, tururin ya kwashe man ya bi ta bututu, a sanyaya shi ya koma ruwa, sai man ya ware daga ruwan a kwashe. Aikin ya daɗe a duniya. Alkindi, malamin nan na Bagadaza, ya rubuta littafi a kansa tun ƙarni na 9, da hanyoyin haɗa turare fiye da 100. Abin da a ke samu ɗan kaɗan ne: kafin a sami kilo ɗaya na man wardi sai an dafa furen da ya wuce tan 3. Shi ya sa kwalabensa ƙanana, shi ya sa kuma ɗigo ɗaya ke cika ɗaki. Gaskiya ne yawancin turaren da a ke tsiyaya mana a kasuwa yau haɗin ma'aikata ne, ba daga fure aka tatso shi ba, amma halinsu wajen wanki ɗaya ne. Su kan lafe a jikin kwalba, in sun daɗe iska ta taɓa su sai su yi kauri su yi danƙo, musamman irin su udu da sandal. Tsohon man da iska ta ɓata kuwa, musamman na lemo, ya kan sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje a fata.

Abin farin ciki shi ne gilashi ba ya shan mai. Duk ƙarfin turare a samansa kawai ya ke tsayawa, don haka in an bi hanya kwalbar za ta koma kamar sabuwa. Ga hanyar da na ga ta fi, kuma ba abin da za a saya a cikinta wanda babu shi a ɗakin girki.

Da fari a raba ta da kayanta: murfi, da ɗan toshen roba mai ɗigo, ko ɗan ƙwallon nan da a ke murzawa a jiki. A sa tsumma a kama shi a ɗaga a hankali, kada a sa haƙori. A naɗa auduga a tsinke a lakace sauran turaren da ya rage a gindi. Audugar nan kada a yar, a jefa ta a akwatin tufafi, za ta yi makonni tana aiki. Sa'an nan, kuma wannan ne abin da zai ba wasu mamaki, kafin a kawo ruwa a fara zuba ɗan man gyaɗa ko man riɗi, a jijjiga, a bar shi ya kwana. Mai shi ke narkar da ɗan'uwansa mai. Danƙon da ruwa zai yi kwana uku bai motsa shi ba, man gyaɗa zai kwance shi cikin dare ɗaya. Riɗi dai ba baƙonmu ba ne, ƙasar Lafiya da Doma na cikin wuraren da aka fi noma shi a Nijeriya.

Da safe a tsiyaye man, a zuba ruwa mai ɗumi da sabulu ko omo. Aikin sabulu shi ne sulhu: kowane ɗan ƙwayarsa yana da kai biyu, ɗaya na kama mai ɗaya na kama ruwa, sai ya ja man ya tafi da shi cikin kumfa. Tun da ya ke soso ba ya shiga bakin 'yar kwalba, sai a zuba ɗan tsakin shinkafa, ko yashi mai tsabta, a toshe da yatsa a yi ta girgizawa, su ne za su goge lungunan. Gishiri mai tsakuwa, irin na Keana ko na Awe, shi ma yana yi, amma da ɗan ruwa kaɗan ƙwarai, in ba haka ba sai ya narke bai yi aikin ba. A zubar, a sake sabon ruwan sabulu, a ɗauraye sau uku ko huɗu.

Bayan wannan sai dahuwa. A nan a ke asarar kwalabe da yawa saboda gaggawa. Kada a zuba tafasasshen ruwa a kwalba mai sanyi, don ɓangaren da ruwan ya taɓa zai buɗe kafin sauran, sai ka ji ƙas, ta tsage. A jera su a tukunya da ruwan sanyi, a shimfiɗa tsumma a ƙasa, a ɗora a wuta su yi zafi tare, su tafasa kamar minti 10, a sauke a bar su su huce a cikin ruwansu. Tukunyar kuma ta zama wadda aka ware, ban da ta tuwo. Wanda ya sami sifirit irin na ɗakin magani ya iya ɗauraye su da ɗan kaɗan a ƙarshe, yana kwashe sauran ƙanshi kuma yana saurin bushewa. Amma a sani guba ne in an sha, kuma yana kama wuta nan da nan, don haka nesa da murhu, nesa da yara. Wanda bai samu ba, ko ba ya son taɓa shi, ya maimaita man gyaɗa da sabulu sau biyu, zai isa inda ya ke so.

Shanya ma tana da ƙa'ida. A kafa tsinkaye a kife kwalaben a kansu, baki a ƙasa, a rana, su wuni biyu. In lokacin hunturu ne a yafa musu wani ƙyalle mara kauri saboda ƙura. Ɗigon ruwa ɗaya in ya rage a ciki ya kan gurɓata sabon turare, ya kan kuma sa iri ya yi funfuna.

To, yaya za a san ta fita? Akwai gwaji biyu. Na fari, irin na ɗakin kimiyya: a zuba ruwa a juye. In gilashi ya fita, ruwan zai bi jikinsa sumul ya sauka. In ka ga ya tsaya ɗigo ɗigo kamar zufa, akwai sauran mai, a koma. Na biyu, a rufe busasshiyar kwalbar ta kwana, da safe a buɗe a miƙa wa wanda bai shafa turare ba ya sansana. Hancin mai wanki ba shaida ba ne, ya riga ya gaji da ƙanshin.

Murfi da toshe su ne masu taurin kai. Roba ba kamar gilashi ba ce, tana shan mai har cikin jikinta, wani man ma cin ta ya ke yi. Wanda ke shakka ya hura balan-balan ya matsa mata ɓawon lemo, ya ga yadda za ta fashe. A jiƙa murafen a ruwan sabulu kwana ɗaya, a shanya, a binne su cikin dakakken gawayi kwana biyu ko uku. In ƙanshin ya ƙi fita, to a haƙura, a bar wannan murfin ga turare irin na farko. Kwalaben turaren fesawa waɗanda aka danne bakinsu da ƙarfe ba su cikin maganata, ɓalle su ya fi amfaninsu wuya. Gwangwanin fesawa kuwa kada a huda shi, kada a jefa shi a wuta, fashewa ya ke yi.

Yanzu na zo inda maganar ta fi nauyi. Akwai abubuwan da na ke ganin bai kamata a zuba a kwalbar turare ba ko an wanke ta sau goma, su ne duk abin da za a kai baki: zuma, da maganin tari, da tsimi, da man da a ke ɗiga wa jariri. Wani zai ce, ai kai da kanka ka ce gilashi ba ya shan mai. Haka ne. Amma murfi yana sha, kuma ba kowa zai yi wankin da na faɗa ba. Abin da ya fi wannan ma, yaro ba ya karatu, kama ya ke ganewa. In ya saba ganin uwarsa tana ba shi abu mai zaƙi daga 'yar kwalba, ran da ya tsinci irinta a kan madubi cike da turare zai kafa kai. Man itacen turare, da man kanumfari, da kafur, ƙaramin cokali ɗaya na kowannensu ya isa ya kai ƙaramin yaro asibiti da suma ko jijjiga. Likitocin yara a ƙasar nan sun daɗe suna kuka da kananzir ɗin da a ke ajiyewa a kwalbar lemo, don dalilin ɗaya ne.

Juya maganar kuma, za ka ga abin da ya fi muni, watau zuba guba a kwalbar turare. Kowa ya san fiya-fiya, maganin sauron nan da a ke tsiyayawa a 'yan kwalabe ana yawo da shi a kasuwa da tasha, ba suna, ba gargaɗi. Yawancinsa maganin ƙwari ne na gona mai suna daikulobos aka sirka, wanda ke shiga jiki ta baki da ta hanci har da ta fata. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana tallar ƙananan kwalaben wannan magani a kasuwanni saboda yawan rayukan da suka salwanta. Ku yi tunanin kwalba biyu iri ɗaya a kan taga, ɗaya turare ɗaya fiya-fiya, ga dare, ga ba wuta. Ban ga ribar da za ta biya wannan ba. Kwalbar da ta taɓa ɗaukar irin wannan guba ta gama aiki. Ba ta da wanki. A fasa ta a binne a rami mai zurfi, nesa da rijiya da rafi. Haka kuma wadda aka tsinta a juji ba a san abin da ta ɗauka ba, balle ta sharar asibiti, da wadda bakinta ya ɓantare. Ni ba cewa na yi a bi bola ana tsince ba. Cewa na yi wadda ka san asalinta, taka ko ta abokin ɗakinka, kada ta kai bolar.

Sauran magana ɗaya a wannan fanni, ita ce ta takardar da ke manne a jikin kwalba. A cire ta. Jiƙo a ruwan ɗumi zai ɗaga takardar, ɗan man gyaɗa zai goge danƙon. Masu jabun kaya ba abin da su ke nema kamar kwalbar sanannen turare mai takarda lafiyayya, su cika ta da abin da suka ga dama su sayar da sunan wani. Wanda ya sayar musu da ita a haka ya taya su zamba ko bai sani ba. In an cire tsohuwar takarda kuma sai a manna sabuwa, a rubuta abin da ke ciki da ranar da aka zuba, da babban baƙi, da boko da ajami in da hali, don tsohuwar da ke gida ta iya karantawa. Kwalbar da ba suna, tarko ce.

To, in an hana abinci an hana guba, me ya rage? Da yawa. Na farko dai turaren kansa: ka tafi da wankakkiyar kwalbarka wurin mai turare ya tsiyaya maka, ka nemi ragin kuɗin kwalba. Mata masu humra za su karɓa da murna in sun ga ta fita tas. Masu duhun launi, irin ruwan ƙasa-ƙasan nan, a ware su dabam, don launin yana tare hasken da ke ɓata mai, sun fi farare daraja.

Amma abin da ya sa na kawo maganar nan cikin mujallarmu, ban kai ta wani wuri ba, shi ne aji. Kullum malamanmu suna gaya mana cewa malamin kirki ba ya zama jiran a kawo masa kayan koyarwa, shi ke ƙirƙirarsu daga abin da ke kewaye da shi. Duk wanda ya fita gwajin koyarwa a makarantun ƙauyukan da ke kewaye da Lafiya ya san abin da zai tarar: allo, da alli in an yi sa'a, da yara cike da aji. Ga kuwa kayan aiki muna sharewa kowane zango.

Ku ɗauki lissafi. Kwalaben turaren mai galibi girma uku ne: mai mililita 12, wadda masu turare ke kira tola, sunan wani ma'auni na Indiya, da mai 6, da mai 3. Watau ɗaya, da rabi, da kwata, an riga an yanka maka. Yaron da ka yi mako kana rubuta masa cewa kwata biyu rabi ne bai gane ba, ba shi ruwa mai launi ya juye ƙananan biyu cikin matsakaiciya da hannunsa, ba zai sake mantawa ba. Gani ya kori ji. Sai dai malam ya lura, masu yin kwalba su kan bar ɗan fili a wuya, don haka in an cika su har baki lissafin ba zai fita daidai ba. Ya sami sabon sirinji ya auna, ya ja layi a jikin kowace. Daga nan har tambayar ko kwalba nawa ta tola za ta cika lita ɗaya, yara su yi ta kai su gano 83 ne da ɗan saura.

A darasin kimiyya kuma, a cika wata da yashi, wata da jar ƙasa, wata da laka ta bakin fadama, a zuba ruwa a girgiza a ajiye, yara su ga wadda ta riga kwantawa. A zuba man ja da ruwa a wata su ga sun rabu, a ɗiga sabulu a girgiza su ga abin da ya faru. Ka ga wankin kwalbar ma da kansa darasi ne cikakke. A gonar makaranta, ƙananan iri kamar na tumatir da alayyafo da yakuwa da riɗi ba su da ma'aji kamar busasshiyar kwalba mai murfi, ƙwaro ba ya shiga, raɓa ba ta taɓawa. Malamin zane ya zuba launukansa, malamin allo ya zuba tawada. In aka jera guda takwas masu girma ɗaya, aka zuba ruwa wata ta fi wata, aka busa bakinsu, kowace da muryarta, kuma mai yawan ruwa ta fi siririn sauti. Ƙananan yara 'yan aji ɗaya da biyu dai kada a bar su da gilashi su kaɗai, malam ya riƙe ya nuna, ya ƙirga kafin ya ƙirga bayan darasi.

Na san abin da ke hana mu, ba wahalar wanki ba ce, girman kai ne. Saurayin da ya sa farar shadda yana ƙanshi ba ya son a gan shi da jakar tsofaffin kwalabe, kada 'yan mata su ce ya koma baban bola. Ni kuwa a ganina baban bola ya fi mai zubarwa hankali, don shi ya san darajar abin da ya ɗauka. Wasu kuma za su ce aikin mata ne. A ɗakin kimiyya wa ke wanke kwalaben gwaji? Kowa ya wanke nasa, namiji da mace, kuma ba wanda ya ce an rage masa daraja. Masu cewa abin ya yi ƙanƙanta, su ƙirga: in ɗalibi ɗaya na ƙarar da kwalba ɗaya a wata, cikin ɗalibai 100 an sami 1,200 a shekara. Makarantar firamare nawa wannan za ta wadata?

Saboda haka ina roƙon ƙungiyar ɗalibai da shugabannin ɗakunan kwana su ajiye kwali ɗaya mai murfi a kowane ɗaki, na kwalaben turare kaɗai, a rubuta a jikinsa cewa ban da na magani, ban da na fiya-fiya. Ina roƙon malaman sashen kimiyya su ba mu Asabar ɗaya a kowane zango, da tsohuwar tukunya, da wanda zai tsaya a kanmu mu wanke. Waɗanda suka fita a raba su gida biyu. Kaso ɗaya a shirya su jeri jeri, tola ɗaya, rabi biyu, kwata huɗu, da layin awo a jikinsu, a ba duk wanda zai fita gwajin koyarwa jeri ɗaya ya tafi da shi, ya bar wa makarantar in ya gama. Sauran a sayar wa mata masu humra na cikin garin Kwandere da rahusa, kuɗin a sayi sabulun wankin zango mai zuwa.